Autan Gauraki: Ranar Da Kyaftin Ya Karɓi Awartaki

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa Inna Malsun ta iya jan rai, duk na gani. Ku yi haƙuri, hannu biyu gare ni, kuma su ne dai masu yanka nama da wanke tukwane. Ke kuma da kika ce in na bari aka raba yaran nan kin daina karantawa, 'yar nan, da a hannuna abin yake da ba a kai ga wannan shafin ba. Ku gyara zama.

*

Rana ta take suka shigo, bayan atisayen safe. Iskar teku ta biyo su har cikin zaure, dusar ƙanƙara a kafaɗun rigunansu.

Su biyar ne, kamar yadda suka saba zuwa gidan abincina tun ƙungiyar ƙwallon kwando ta Gaurakin Mokpo tana da ƙarfinta. Yaran benci suna zuwa suna wucewa, ko sunayensu ba na riƙewa. Amma ɗakin baya na waɗannan biyar ne: kyaftin Mansik, Chilbong dogo, Deokbae, Gwangil, sai autansu Sangu.

Auta fa na ce. Mutum mai shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya biyu, da furfura a gefen kunne. Amma tunda babu wanda ya ƙara shiga cikinsu a bayansa, shi ne dai mai jera takalma a bakin ƙofa, shi ne mai gasa nama, shi ne mai zuba wa yayye shayi. Sauran huɗun kuwa wanda bai taka arba'in ba yana hangenta. Da a ƙasa suke zama su tanƙwashe ƙafa kamar kowa. Ni na gaji da jin kukan gwiwoyi in za su tashi, na je na sayo musu kujeru.

Tun daga shigowarsu jikina ya ba ni.

Chilbong, wanda kullum tun daga ƙofa yake ihu, "Inna, a kawo naman da ba ya neman haƙori," yau sai ya sunkuya ya gaishe ni ya wuce. Na bi shi da kallo na ce, "Kai, dogo, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Inna."

Na kai garwashi na zuba a ramin tsakiyar tebur, na ɗora wayar gashi, na jera naman shanu da latas da tafarnuwa da kimci, wato kabejin da muke tsumawa da yaji. Sangu ya gama jera takalma ya shigo yana murza hannu. Ya miƙa hannunsa na hagu zai ɗauki awartakin gashi.

Hannun Mansik ya riga shi.

Tiren da ke hannuna ya kusa suɓucewa.

A Gauraki kyaftin ba ya taɓa awartaki sai rana ɗaya, ranar da za a sallami wani. Shi zai gasa, shi zai naɗe naman a ganye ya miƙa wa mai tafiya. In ka ci, ka karɓi sallama ke nan, babu sauran magana. A ɗakin nan na sha ganin ƙarti suna tauna suna hawaye.

Sangu ya tsaya. Ya dubi awartakin, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya Gwangil," ya ce a hankali, "ciwon bayan ne ya tashi? Haba, wasa nawa ya rage? Ka daure mana, ni zan riƙa tare maka mutuminka."

Gwangil ya sunkuyar da kai.

"To Yaya Deokbae ne? Matarka ce ta ci nasara a kanka?"

Deokbae ya kama wasa da cokali.

Ya juya ga Chilbong, har da ɗan murmushi. "Kai dai na san ba ka tafiya. Wa zai ɗauke ka? Ko gidan tarihi sai sun fasa rufi."

Ba wanda ya yi dariya.

Mansik ya shimfiɗa yanka na farko a kan waya. Naman ya yi cuuu. Bai ɗago ba ya ce, "Zauna, Auta."

"Yaya, ba ni awartakin."

"Na ce ka zauna."

"Za ka ƙona shi. Ba ka iya ba. Rabonka da gashi tun ina makarantar sakandare."

"Sangu."

Sunan kawai ya kira. A iya sanina bai taɓa kiransa da sunansa a ɗakin nan ba. Yaron ya lalubi kujera ya zauna.

Ni kuwa da ya kamata in ja musu ƙofa in ba su wuri, ban ja ba. Ɗakina ne, garwashina ne, yaran kuma da naman hannuna suka tsufa. Na jingina da bango na rungume tire.

"Ina?" in ji Sangu.

"Seoul."

"Wa ya ce?"

"Manaja Eom ya gama magana da su. Za su ba mu damar zaɓensu ta farko a yaran jami'a, bana da baɗi, da wani yaro mai tsawo da suke ajiye a benci."

"Ban tambaye ka farashina ba, Yaya. Cewa na yi wa ya ce. Manaja ba zai iya ba. Sau biyu Seoul suna zuwa, sau biyu ina cewa a'a, shi da kansa ya riƙe hannuna yana godiya. Wa ya kai masa maganar?"

Mansik ya juya naman. 

"Ni ne."

 Ba ka jin komai sai kitse yana ɗiga a wuta.

"Mu ne," Deokbae ya gyara masa. "Mu huɗu muka je. Kar ka ɗora masa shi kaɗai."

Sangu ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Ku huɗu. Kuka zauna, kuka yi shawara, kuka tashi kuka tafi ofis. Ni ina ina?"

"Kana ɗebo mana ƙanƙarar gwiwa," in ji Gwangil, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Gara ma da bai faɗa ba. Na ji maganar har cikin ƙirjina.

Mansik ya ɗauki almakashi ya shiga yanka naman, yanka manya-manya marasa kyan gani. Ya ce, "Saurare ni. Na nawa muke a teburin gasa?"

"Na shida."

"Bara fa?"

"Na shida."

"Bara waccan?"

Sangu ya kau da kai. Mansik ya ci gaba.

"Kullum na shida. Mu lallaɓa mu shiga zagayen 'yan shida da kyar, a yi waje da mu a karon farko, mu dawo nan Inna ta ba mu nama mu ce baɗi. Ba mu isa ɗaukar kofi ba. Ba mu kuma faɗi ƙasa ba, balle ƙuri'ar zaɓen yaran jami'a da ake ba na ƙasan tebur ta faɗo mana. Yaran kirki duk suna tafiya wasu garuruwa, mu muna nan muna shafa man zafi. Ka san me ya sa ba mu faɗi ba?"

"Don muna da zuciya."

"Don muna da kai. Kai ka hana mu faɗuwa, mu kuma mun hana ka tashi. Wannan ba ƙungiya ba ce, Auta, jinya ce kake yi."

"Ni na ce na gaji da jinyar?"

"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo," in ji Deokbae. "Jiya yaron nan na ƙungiyar Changwon ya wuce ni, na juya ban ga ko lambar rigarsa ba. 'Yata tana cikin 'yan kallo. Da muka koma gida cewa ta yi, Baba, me ya sa kake tafiya alhali kowa gudu yake?"

"To sai mu ƙara atisaye!"

"Da wace gwiwar?"

Sangu ya juya ga Mansik, idanunsa sun kaɗa. "A ɗakin nan, farkon kakar bana, a kan kujerar nan da kake zaune, me ka ce? Ka ce bana ce ta ƙarshe, mu yi ta da gaske, ko kofi ko a ɗauke mu a kan gadon asibiti. Ka ce mu biyar muka fara, mu biyar za mu gama. Ni kaɗai na ji, ko Inna ma ta ji?"

Duk suka waiwayo gare ni.

"Na ji," na ce. "Har rantsuwa ka yi da kabarin mahaifinka, Mansik."

Ya runtse ido. "Na faɗa, Inna. Ban san haka za ta zama ba."

"Yaya ta zama?" in ji Sangu. "Me ya canza? Wasa biyu ne tsakaninmu da na huɗu. Me ya canza, Yaya?"

Nan ne Chilbong ya daki tebur. Kwanukan kimci suka yi tsalle.

"Kai ka canza! Ya isa haka, daina yi mana wasan kwaikwayo!"

"Chilbong," in ji Mansik.

"Bar ni in faɗa, ni ba na iya haɗiye magana. Yaro, mun gani. Tsufa muka yi, ba makancewa ba. Ka gaji da mu, kunya ce ta hana ka faɗa. To mun sauƙaƙa maka."

Sangu ya buɗe baki. "Ni?"

"Kai. Tun watan sha ɗaya da wane hannu kake zuba mana shayi?"

Yaron ya dubi hannunsa.

"Da hagu! Shekara da shekaru kana ɗaga buta da dama, ka tallafe da hagu, ka sunkuyar da kai, yadda uwarka ta koya maka. Rana ɗaya sai ga ka kana miƙo wa kyaftin kofi da hagu kamar mai ba kare ruwa. Na ce kuskure ne. Washegari haka. Mako ya zagayo haka. Wanda aka yi wa tarbiyya ba ya mantawa, sai dai in saƙo yake aikawa."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na lura, kuma abin ya ci min rai. Har na taɓa dukan bayan hannunsa da cokali na ce wa ya koya maka wannan rashin kunyar. Dariya ya yi ya sunkuya ya ce, Inna, a yi haƙuri.

"Ba shi ke nan ba," Chilbong ya ci gaba. "An daina tafawa da kai. In mutum ya jefa ƙwallo ta shiga ya ɗago maka hannu, sai ka wuce kamar ba ka gani ba. Jakar kyaftin da kake rataya masa tun kana sabon zuwa, yanzu a ƙasa kake janta. Sannan jirgin ƙasa."

"Wane jirgi?"

"Kar ka raina min hankali. Na kai surukata tasha na gan ka da hula har ido kana shiga jirgin Seoul. Na koma mako na gaba don in ƙaryata idona, na sake ganinka. Duk jajibirin wasa kana hanyar Seoul. Wa kake zuwa gani? Kakarka?"

Muryar dogon ta karye a nan. Ya share hanci da bayan hannu.

"Ba mu ji haushi ba, Auta. Na rantse ba mu ji ba. Da farko na ji, har na ce zan kama ka in jefa a kwando. Amma Mansik ya ce, yaron nan ya ba mu ƙuruciyarsa duka, me ya samu? Ko zoben da ake ba waɗanda suka ci kofi ɗaya babu a yatsarsa. Seoul su ne na ɗaya a tebur. Ka je ka ɗauki kofi ko sau ɗaya ne kafin kai ma 'yarka ta tambaye ka me ya sa kake tafiya."

Sangu yana zaune bai motsa ba. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa, na hagu ya dafe shi.

"Ku fa?" ya tambaya.

"Mun gaya wa manaja," in ji Mansik. "Ana gama kakar bana mu huɗu za mu ajiye riga. A share fili a shuka sabo. Mun riga mun sa hannu, da yamma za a sanar wa 'yan jarida."

"Kun sa hannu."

"Bakin alƙalami ya bushe."

"Saboda na zuba shayi da hagu."



Mansik ya ɗauki ganyen latas mafi faɗi ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Ya ɗora nama, wanda gefensa ya ƙone kamar yadda yaron ya faɗa. Ya sa tafarnuwa ɗaya, ya cire, don ya tuna Sangu ba ya cin ɗanya. Ya ɗauko gasasshiya ya sa. Ya naɗe.

Sai ya miƙe tsaye, gwiwarsa ta yi ƙara, ya miƙa wa autansa da hannu biyu.

Da hannu biyu, jama'a. Babba ga ƙarami. Na juya fuskata ga bango don hawaye sun riga sun zubo, ni kuma ba na son yaran nan su ga Inna tana kuka.

"Karɓi," in ji Mansik. "Ba korarka muke ba. Sakinka muke."

"Yaya..."

"Ba ka taɓa mayar min da hannu ba. Kar ka fara yau. Karɓa kuma da dama, ko sau ɗaya, in san ba ka tafi da fushina ba."

Sangu ya daɗe yana kallon ganyen.

Sannan ya janye hannun hagu daga kan na dama. Ya fara ɗagawa.

Hannun ya bar cinya. Ya kai bakin tebur. Ya ɗan haura kaɗan, yana karkarwa, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe, gumi ya keto masa a goshi cikin wannan sanyin. Daidai ƙirji ya tsaya. Ya cije leɓe ya ƙara yunƙurawa, wani ɗan sauti ya fita daga maƙogwaronsa, hannun ya faɗo ya daki gefen tebur.

"Iyakarsa ke nan," ya ce. "In ba a yi allura ba, iyakarsa ke nan."

Deokbae ya miƙe. "Wace allura?"

Da hannun hagu Sangu ya ja wuyan rigarsa ya zame ta daga kafaɗa. Wayyo ni. Kafaɗar ta kumbura, ta yi shuɗi ta yi baƙi, ga tabon allura nan birjik, sabo a kan tsoho.

"Jirgin Seoul yana tsayawa a Gwangju, Yaya Chilbong," ya ce. "Nan nake sauka. Akwai wani likita da ba ya kallon ƙwallo, bai san ko ni waye ba."

Chilbong ya zuba wa kafaɗar ido. Sangu ya ci gaba.

"Tun wasan Wonju, da na faɗo a kanta. Jijiyar ta yage. Ya ce in na yarda a yi min aiki a lokacin, zan rasa kakar bana amma zan dawo baɗi. In kuwa na ci gaba da allura ina wasa, zan iya kai ƙarshen bana, sai dai kar in tambaye shi baɗi."

"Kuma ka zaɓi..." Gwangil bai ƙarasa ba.

"Cewa kuka yi bana ce ta ƙarshe. Baɗin da babu ku, me zan yi da ita?"

"Likitan ƙungiya fa?" in ji Mansik. Muryar ba tasa ba ce. "Me ya hana ka gaya masa? Me ya hana ka gaya min?"

"In ya sani manaja ya sani. In manaja ya sani a ranar zai ajiye ni, ya watsa ku, ya ce a fara gini. Na ce bari in riƙe bakina zuwa bazara. Butar Inna ce kawai ta fi ƙarfina." Ya yi murmushi, hawaye suna bin kumatunsa. "Na yi ta addu'a kar ku lura. Ashe kun lura."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ƙartin nan huɗu, da ni ta biyar, mun zuba wa hannun yaron nan ido wata da watanni, babu wanda ya ce masa, Auta, lafiya kuwa? Kowa ya fassara abinsa ya haɗiye, wai shi mai kara.

Chilbong ya zame daga kujera ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa durƙusuwa. Ya kifa kansa a cinyar Sangu yana kuka kamar yaro. "Ka dake ni. Auta, ka dake ni. Ni na kai maganar jirgin."

"Da wane hannun?" in ji Sangu, yana shafa masa kai da hagu.

Mansik yana nan tsaye. Bai sauke hannuwansa ba, ganyen yana tsakaninsu, ya ma manta da shi. Naman da ke kan waya ya zama gawayi, hayaƙi ya cika ɗakin, babu wanda ya tuna da awartaki.

"Seoul ba su sani ba," in ji Deokbae a hankali, kamar mai magana da kansa. "In suka gani za su fasa. Babu yaran jami'a. Mu mun ajiye riga. Shi kuma duk ƙasar nan za ta ji cewa kafaɗarsa..."

"Zan kira manaja," in ji Mansik. "Yanzu. A dakatar da komai."

Bai kai ga laluba aljihu ba na ji an turo ƙofar waje. Takun takalmi mai tsada, wanda ba ya tsayawa a cire shi da kyau. Aka ja ƙofar ɗakin baya.

Manaja Eom ne, da ƙanƙara a gashinsa da fara'a har kunne. Sangu ya yi wuf ya ja rigarsa ya rufe kafaɗar.

"Af, har an yi sallamar? Madalla, madalla." Ya kaɗa hayaƙi daga fuskarsa. "Labari ya riga ya fita, 'yan jarida ba su iya jira ba, ga shi can a talabijin ɗin Inna. Sangu, tashi, mota tana waje. Mutanen Seoul sun ƙagu, har likitansu suka turo, yana ofis yana jiranka."

Babu wanda ya motsa.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya.

"Me ya faru kuka yi cirko-cirko? Ba wani dogon gwaji ba ne. Hannu kawai zai ce ka ɗaga."